Feshin Ɓarɓashi a Cikin Wutar da Ba Ta Lafa Ba

Laccar da aka gabatar ga malaman kimiyya da ɗaliban babbar sakandare a Kunci

 



Wasu sun so in yi magana a kan taki ko ingantaccen iri, tunda Kunci ƙasar noma ce. Amma a zauren nan akwai waɗanda in ana zancen taki sai dai in zauna in ɗauki darasi a wurinsu. Don haka na zo da wata tambaya daga fiziks wadda har yanzu masana ke ja-in-ja a kanta. Dalilina shi ne, a aji abin da aka riga aka gama muke koya wa yara, har su ɗauka kimiyya littafi ce da aka rufe, aikinsu kawai hadda. Ina so yau su ga wurin da ake kan haƙa.

Duk wanda ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare ya ji cewa da ƙwayar zarra aka gina komai, kuma a tsakiyarta akwai cibiya inda furoton da niyutiron suke cure, ilektiron suna kewaye daga waje. Yadda aka gano cibiyar nan shi ne abin riƙewa. A 1909, a birnin Mancesta na Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba wasu ƙananan ɓarɓashi a kan fallen zinariya mai tsananin siranta. Yawancinsu suka wuce abinsu, amma jefi-jefi sai ɗaya ya dawo da baya. Daga yawan masu dawowa da irin karkatar da suke yi, malaminsu Ernest Rutherford ya lissafa a 1911 cewa lallai akwai wani ɗan abu mai nauyi a tsakiya. Bai gan shi da ido ba. Ya jefa abin da ya sani cikin abin da bai sani ba, sannan ya duba yadda ya fito. Har gobe sana'ar ke nan.

Furoton ɗin ma ba shi ne ƙarshe ba. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa a nasa ɓangaren, suka ce da wasu abubuwa uku aka gina shi, waɗanda ake kira kwak, kuma gwaje-gwajen cibiyar SLAC ta Kalifoniya daga 1968 suka gaskata su. Abin da ke ɗaure kwak da ɗan'uwansa shi ne gulon. Kada wani ya ce wannan bai shafe shi ba. In aka tara nauyin kwak ukun nan, bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin furoton ba. Ragowar daga kuzarin gulon ne da kai-komon da kwak ke yi a ɗaure. Buhun gero mai kilo 100 da aka ɗora a sikeli ranar kasuwa, kusan kilo 99 na nauyinsa daga can ya fito.

Kwak yana da wata ɗabi'a: ba a taɓa kama shi shi kaɗai ba. Ƙarfin maganaɗisu raguwa yake yi in an yi nisa, na gulon kuwa ba ya saki. In aka dage da ja, kuzarin da aka zuba sai ya rikiɗe ya zama sabbin kwak, kowanne ya sami abokin zama. Saboda haka, in aka gwara furoton biyu da ƙarfi har wani kwak ya yi tsalle waje, abin da na'ura ke gani tarin ɓarɓashi ne, goma ko ashirin ko fiye, sun fito a tsuke sun nufi waje guda. Wannan shi ne feshi, wanda littattafan fannin ke kira jet. An fara ganinsa a SLAC a 1975, kuma a 1979 a cibiyar DESY ta Hambug a Jamus aka ga uku a tare, na ukun ya zama shaidar samuwar gulon. Galibi dai biyu-biyu suke fitowa, baya da baya, da ƙarfi kusan ɗaya, domin in ɗaya ya yi gabas dole wani ya yi yamma.

A 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka nuna cewa ɗaurin nan sassautawa yake yi in kwak sun matsu da juna ƙwarai ko kuzari ya yi yawa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Daga nan tunani ya zo: in aka zafafa cibiyar zarra iya zafafawa, furoton da niyutiron za su narke, kwak da gulon su gauraya. Ana kiran wannan gauraye filasmar kwak da gulon. Lissafin manyan kwamfutoci ya ce narkewar tana faruwa a wajen digiri tiriliyan 2. Zafin can cikin cibiyar rana digiri miliyan 15 ne kawai. Masana sararin samaniya kuma sun ce a wannan hali duniyar halitta take a farkon lamarinta, har zuwa kamar kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa.

Babu murhun da zai kai wannan zafi, sai dai karo. Ana ɗaukar zarra mai nauyi, ta zinariya mai furoton 79 ko ta dalma mai 82, a tuɓe mata ilektiron duka, a kora cibiyoyin a cikin bututu mai zagaye har su kusa gudun haske, rabi ta dama rabi ta hagu, sannan a gwara su. Na'urori biyu ne suka yi fice a wannan aiki. RHIC tana cibiyar Brookhaven a jihar Niyok ta Amurka, zagayenta kilomita 3.8, ta fara aiki a 2000. LHC kuma tana cibiyar CERN, a kan iyakar Suwizalan da Faransa kusa da Janeba, zagayenta kilomita 27, a binne kamar mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, ta fara gwara dalma a watan Nuwamba na 2010. Karo ɗaya na gaba-da-gaba a LHC yana fitar da ɓarɓashi masu caji sama da 20,000. A 2010 masu gwajin PHENIX a RHIC suka ba da sanarwar zafin da ya kai digiri tiriliyan 4. Kafin nan, a watan Afrilu na 2005, an riga an sha mamaki: an zaci filasmar za ta zama kamar iska, kowane kwak yana harkar gabansa, sai aka tarar tana malala kamar ruwa, ruwan da ba a taɓa auna mai ƙarancin kauri kamarsa ba.

To, yaya ake binciken ɗigon da faɗinsa bai wuce famtomita 15 ba? Famtomita ɗaya ita ce in an raba milimita gida tiriliyan a ɗauki ɗaya. Rayuwarsa kuma ta fi girmansa ban tausayi. Lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa famtomita ɗaya, mu kira shi ƙifta ɗaya don sauƙin magana. Ɗigon yana rayuwa kamar ƙifta 10, wato ka rubuta sifili, ka sa ɗigo, ka jera sifili 22, sannan ka rubuta 3, na daƙiƙa. Ba za a haska shi da fitila daga waje ba. Kafin hasken ya iso ya watse. Dole abin jifan ya fito daga cikin karon kansa. James Bjorken ne ya hango haka a 1982, a wata takarda da ya rubuta a cibiyar Fermilab wadda bai ma kai ta mujalla ba. Ya ce a duba feshi.

Ku ɗauki gonar dawa a ƙarshen damina, ta yi duhu, ta shanye tsayin mutum. Yara biyu suna tsaye a ciki kusa da gefe, baya da baya, aka tafa musu suka zura da gudu. Wanda ya fuskanci gefen, taku kaɗan ya faɗo fili da ƙarfinsa. Ɗayan kuwa sai ya keta gonar gaba ɗaya: kara ya bangaje shi nan, ganye ya shafe shi can, hula ta maƙale, takalmi ɗaya ya tsaya a laka. In ya fito, ya fito yana haki, kuma ba daidai inda ya nufa ba. Mutumin da ke tsaye a waje, ko bai taɓa shiga gonar ba, in ya dubi yaran nan biyu zai iya faɗin yadda shukar ta yi kauri.

Haka aka gani. A RHIC, masu gwajin PHENIX suka ƙirga ɓarɓashi masu babban kuzari a karon zinariya na gaba-da-gaba, suka tarar cikin biyar da ake sa ran gani kusan ɗaya ne ke fitowa. A 2003 masu gwajin STAR suka nuna cewa feshin da ke kusa da gefe yana nan, abokin tafiyarsa na ɗaya ɓangaren kuwa ya ɓace. Masu shakka suka ce wataƙila tun kafin karo cibiyar zinariya ce ke da wani hali. Sai a shekarar aka gwara zinariya da 'yar ƙaramar cibiya mai furoton ɗaya da niyutiron ɗaya, inda ba a sa ran babban ɗigo, feshin ya dawo. Aka kuma duba ƙwayoyin haske da ake haifa a cikin karon, waɗanda ƙarfin gulon bai shafe su ba, aka ga sun fito cif, ba ragi. Ina so malamai su nuna wa yara wannan: ba a yarda da sakamako sai an toshe ƙofofin da kuskure zai iya shigowa. Da LHC ta zo, makonni kaɗan da fara gwara dalma, masu gwajin ATLAS suka nuna hoton karo mai feshi sama da GeV 100 (GeV ma'aunin kuzarin ɓarɓashi ne) a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa sai ɗan ɓurɓushi. A 2011 masu gwajin CMS suka bi sawun kuzarin da ya ɓace, suka same shi a warwatse cikin ɗimbin ƙananan ɓarɓashi marasa ƙarfi, nesa da hanyar feshin.

Yadda asarar ke faruwa yana da daɗin ji. Bjorken ya ɗauka karo ne kawai, kwak mai gudu yana bugun na hanya yana bar musu kuzari. Daga baya Miklos Gyulassy da Xin-Nian Wang, sannan Baier da Dokshitzer da Mueller da Peigné da Schiff, da kuma Zakharov a nasa ɓangaren, suka nuna a shekarun 1990 cewa babbar asarar ta wata hanya take zuwa. Kowace bangaza ta gefe tana girgiza kwak ɗin har ya zubar da gulon, gulon ɗin kuma ya tafi da rabonsa na kuzari. Sai dai gulon ba ya ɓallewa nan take. Yana bukatar lokaci kafin ya rabu da uwarsa, kuma a cikin lokacin nan bangaza da yawa suna haɗuwa su yi aiki kamar guda. Sakamakon lissafin shi ne, a cikin filasmar da ke tsaye cik, in aka ninka tsawon hanya sau biyu, asara ninkuwa take yi sau huɗu. Duk wannan ya rataya a kan lamba ɗaya, wadda ke faɗin yawan bangazar gefe da kwak ke sha a kowace famtomita. A 2014 wata ƙungiyar masana mai suna JET ta tattara sakamakon na'urorin biyu ta fitar da ita: kusan 1.2 a RHIC, kusan 1.9 a LHC, a ma'aunin GeV sau GeV a kowace famtomita.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Alƙalumman nan biyu na lokacin da agogo ya kai ƙifta 0.6 ne bayan karo. Me ya faru kafin nan?

Duk lissafin da na ambata ya ɗauka cewa abin da feshi ke ratsawa ya riga ya lafa. Lafawa a fiziks tana da ma'ana takamaimai: a kowane gurbi ɓarɓashi suna kai-komo ta kowace fuska daidai wa daida, kuzari ya rabu a tsakaninsu bisa tsari sananne, har lamba ɗaya, wato zafi, ta isa ta bayyana halin da ake ciki. Abin da bai lafa ba kuwa ba shi da zafi guda da za a faɗa. Ko da akwai ma'aunin da zai jure, ba zai ba da amsa mai ma'ana ba. Kuma babu yadda za a yi abin da aka haifa daga karo irin wannan ya zo a lafe. Saboda tsananin gudu, kowace cibiyar dalma a LHC ta shafe ta zama fai-fai, kaurinta ya ragu fiye da sau 2,500. Fai-fai biyun nan ba sa tsayawa in sun haɗu. Ratsa juna suke yi su wuce, su bar zaruruwan ƙarfin gulon a miƙe a tsakaninsu, duk sun bi hanyar bututu. Tuomas Lappi da Larry McLerran ne suka raɗa wa wannan hali suna gilasma a 2006. A wannan mataki gulon sun yi cunkoson da ba a ma lissafa su ɗaya-ɗaya, sai dai a ɗauke su kamar igiyar ruwa. Ana kuma jan abin ta tsawo da kusan gudun haske, don haka matsinsa ta gefe babba ne, ta tsawo kuwa kusan babu. Tun a shekarun 1990 Stanisław Mrówczyński na Folan ya nuna cewa filasma mai irin wannan karkata ba ta zama lafiya: ɗan ƙaramin motsi a cikinta yana iya girma da kansa.

Feshi kuwa ya riga duk wannan haihuwa. Karon da ke haifar da kwak mai GeV 100 yana ƙarewa cikin abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙifta ba. Ke nan ya ratsa gilasma, ya ratsa matakin da ake ta kokawar lafawa, kafin ya shiga ruwan da muka iya lissafawa. Kuma wannan ƙifta ta farko, ko da yake kashi ɗaya ce cikin goma na rayuwar ɗigon, ita ce lokacin da ya fi kowane lokaci cunkoso. Mu koma gonarmu: ashe ba watsa irin aka yi ba, a kan kunya aka shuka, kuma yaron tsallaka kunyoyi yake yi, don haka turin da yake sha ta tsawon kunya daban, wanda yake sha ta wata fuskar daban. Ƙari a kan haka, gonar tana sirancewa yana cikin gudu, inda ya fara ya fi ko'ina duhu. Wanda ya auna gajiyar yaron ya raba ta daidai a kan dukan hanyar, lissafinsa zai fita da kyau a takarda, amma ba gonar ya auna ba.

A 2020 wasu masana uku a Biyana ta Ostiriya, Andreas Ipp da David Müller da Daniel Schuh, suka kwaikwayi gilasma a kwamfuta suka tura kwak ta cikinta. Suka tarar bangazar da yake sha a wannan ɗan lokaci babba ce, ta zarce ta ruwan da ke biyo baya, kuma ta fi ƙarfi ta fuskar tsawon bututu fiye da ta ɗaya fuskar. Margaret Carrington da Alina Czajka da Mrówczyński suka bi ta wata hanyar lissafi, su ma suka sami babbar lamba. A 2023 Boguslavski da Kurkela da Lappi da Lindenbauer da Peuron suka lissafa matakin tsakiya, suka nuna yadda lambar ke gangarowa daga ta gilasma har ta haɗu da ta ruwa. In ka tsaya nan, sai ka ce magana ta ƙare: a ƙara asarar farko a cikin lissafi, shi ke nan.

Sai dai na'ura tana da nata bakin. Yawancin karo ba gaba-da-gaba ba ne, goga juna ake yi, don haka ɗigon yakan fito dogo ta wata fuska, siriri ta wata. Feshin da ya bi gajeriyar hanya ya fi wanda ya bi doguwa tsira, kuma ana auna wannan bambanci. Shekara da shekaru masu lissafi suna fama: in sun daidaita jimillar asara da abin da aka auna, sai bambancin fuskokin ya fito ƙasa da na na'ura. Carlota Andrés da Néstor Armesto da Harri Niemi da Risto Paatelainen da Carlos Salgado, masana daga Sifen da Finlan, suka nuna a wani aiki da ya fito a 2020 cewa abubuwan biyu suna daidaituwa in aka ɗauka feshi bai yi asarar kirki ba a ƙifta 0.6 ta farko. Hikimar a fili take. Asarar da aka yi tun ana tsakiyar ɗigo ba ta san doguwar hanya ko gajeriya ba, kowa ya biya ta daidai, don haka in ta yi yawa sai ta dushe bambancin.

Ga lissafi yana cewa farkon tafiya ne aka fi shan bangaza, ga awo yana cewa a farkon tafiya ba a yi asara ba. A ganina ba saɓani ne na gaske ba, kuma masana da dama sun karkata nan. Bangaza daban, asara daban. Na faɗa ɗazu cewa gulon yana bukatar lokaci kafin ya ɓalle. Mai babban kuzari yana iya bukatar lokacin da ya fi rayuwar gilasma tsawo. Sannan sabon kwak, ko a fili babu kowa, zubar da gulon yake yi da kansa da sauri a farkon fitowarsa, har turin waje bai cika canza masa lissafi ba a lokacin. In haka ne, tabon ƙifta ta farko ba a yawan kuzarin da ya ɓace za a neme shi ba, a siffar feshin za a nema: ya fi faɗi ta tsawon bututu ko ta gefe, yaya rassansa suka rabu, ina ƙananan ɓarɓashinsa suka karkata. Wannan awo ne mai wuyar gaske, domin ana tsince feshin ne daga cikin dubban ɓarɓashin da ba nasa ba. Don irin wannan aiki aka gina na'urar sPHENIX a RHIC, wadda ta fara aiki a 2023.

Abin da ya fi burge ni a fannin nan duka shi ne wani tunani na 2001, na Baier da Mueller da Schiff da Dam Thanh Son. Tambayarsu ita ce yaya ma aka yi abin ya lafa cikin ƙifta ɗaya. Amsarsu: bayan gilasma ta watse, kuzarin yana hannun gulon masu ƙarfi. Waɗannan suna zubar da ƙanana. Ƙananan, da yake sun fi saurin karo da juna, su ne ke fara lafawa su zama tafki, sannan manyan su ratsa tafkin suna rarrabewa har kuzarinsu ya ƙare a ciki. Ku lura da kyau, wannan shi ne ainihin abin da ke samun feshi. Ashe filasmar kanta daga gawar dubban ƙananan feshi aka gina ta, kuma babban feshin da muke gani a na'ura shi ne wanda ƙarfinsa ya yi yawa har ya fice kafin a gama cinye shi. Wanda ya fahimci yadda feshi ke mutuwa ya fahimci yadda abu ke lafawa. Shi ya sa nake ganin tambayar ta cancanci wahalar da ake sha a kanta.

Akwai kuma ƙulli na biyu. Tun daga 2010 aka fara ganin alamun malala irin ta ruwa har a ƙananan karo, na furoton da furoton, daga baya na furoton da dalma, amma ba a ga feshi yana asara a cikinsu ba. Ruwan da ke malala amma ba ya tare mai wucewa, wane irin ruwa ne? Don a sami tsaka-tsaki, a watan Yuli na 2025 LHC ta gwara cibiyoyin oksijin, sannan na niyon, kuma sakamakon farko na oksijin ya nuna ragi a ɓarɓashi masu babban kuzari. A ɗigo ƙarami irin wannan, lokacin rashin lafawa ya cinye babban kaso na rayuwarsa, don haka nan ne lissafin da na zayyana zai sha jarrabawa.

Yanzu wani dattijo zai ce, Malam, duk mun ji, mu ina ruwanmu? Ba zan yi muku alkawarin da ba haka ba: wannan bincike ba zai sauko da kuɗin taki ba. Gaskiya ne a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989 don masana su riƙa musayar bayanai, amma ba don haka aka gina wurin ba, an gina shi ne don a sani. Kuma Nijeriya ba ta da na'urar gwara cibiyoyi. Abin da muke da shi mafi kusa shi ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Aikinta daban ne, tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci.

Amma ku sake duba sunayen da na jero a rabin laccar nan na biyu. Yawancinsu ba sa taɓa na'ura. Alƙalami ne da allo da kwamfuta. Cikin waɗanda suka share fagen lissafin ruwan da bai gama lafawa ba akwai Azwinndini Muronga, wanda ya tashi a karkarar lardin Limpopo a Afirka ta Kudu. Tsohon lissafin ruwa mai kauri, in aka kai shi gudun da ya kusa na haske, yana ba da amsar da ba ta yiwuwa, saƙo ya riga haske isa. Werner Israel da John Stewart sun gyara wannan a 1979, Muronga kuma a 2002, yana Jami'ar Minesota, ya ɗauko gyaran ya ɗora a kan karon manyan cibiyoyi, kuma a kan irin wannan lissafi ake kwaikwayon filasma a yau. Ketevi Assamagan ɗan Togo ne, yana Brookhaven yana aiki da ATLAS, yana kuma cikin waɗanda suka kafa makarantar fiziks ta Afirka da ta fara zama a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta je Dakar a 2014. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe irin namu. Takardun fannin kusan duka suna shafin arXiv kyauta, kuma CMS ta saki bayanan karon dalma na 2010 da 2011 ga duk mai so.

Abin da ke tsakanin yaron Kunci da wannan aiki lissafi ne, kuma a aji ake samunsa ko a rasa shi. Jihar nan ta taɓa nuna ta san haka, ranar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma kowa ya san likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Don haka roƙona uku ne, kuma ba masu tsada ba ne. Shugabannin makarantu, kada a bar darasin ƙarin lissafi ya mutu a jadawali don masu ɗaukarsa ba su da yawa. Ko yara biyar ne a koyar da su. 'Yan'uwana malamai, in kun zo kan dokar adana kuzari da ta karo, ku gaya wa yara cewa da ita aka bi sawun feshin da ya ɓace a Janeba, ku ba su lissafin su yi da hannunsu. Iyayenmu kuma, yarinyar da malaminta ya ce tana da kan lissafi, a taimaka a bar ta ta rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya kamar yadda za a bar ɗan'uwanta.

 Ɗalibai masu tambaya su matso gaba, akwai allo da alli, ba zan tashi ba sai an kira la'asar.